Littafin albasar Baba da memuwar masta: wa zai auna cinikinmu na kan iyaka?

'Yar Mai Albasa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Damuwa ce ta kawo ni, kuma na san a nan akwai malamai, akwai 'yan kasuwa. Ina shekara ta biyu ta masta a fannin tattalin arziki, ɓangaren cinikin ƙasa da ƙasa, lokacin zaɓen batun memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, ya yi. Abin da raina ke so shi ne in binciki yadda faɗuwar naira tun 2023 ta taɓa farashin albasa a kasuwannin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Sana'ar babana ke nan, da kuɗin albasa aka biya mini makaranta tun daga firamare. Na kai wa malamin da ke duba aikina, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce babu alƙaluma, gara in ɗauki batun jarin waje da bunƙasar arziki a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, tunda alƙaluman Bankin Duniya suna nan a intanet, wata uku na gama. Na fito jikina a sanyaye. A ajinmu kaɗai mutum huɗu sun ɗauki kusan wannan batu. Don Allah ku faɗa mini, cinikin da ake yi a iyakarmu da Najeriya, tsakanin Amcide da Banki, ko Fotokol da Gamboru, ba cinikin ƙasa da ƙasa ba ne? Sai wanda ya bi ta tashar jiragen ruwan Duwala?

Alhajin Kara: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Ni ban yi lakkol ba, amma shekara da shekaru ina kora shanu daga Cadi zuwa Najeriya, ban taɓa ganin ɗan jami'a ya zo kara ya tambaye mu nawa aka sayar da bijimi yau ba. To ina za su samu alƙaluman?

Malamin Tattali: Amin wa alaikumus salam. 'Yata, ni ma malami ne a wannan fanni, kuma ba zan zagi abokin aikina ba, domin na san abin da ya sa ya faɗi haka. Inda nake koyarwa, ɗakin lacca na 'yan shekarar farko yakan cika har wasu su tsaya a bakin taga. Malami ɗaya ga darasi, ga gyaran takardun jarrabawa, ga memuwar ta ɗalibai da dama a wuyansa. Ƙarin girma kuma ba ya zuwa sai da maƙaloli da aka buga a mujallun bincike, mai neman kujerar farfesa yana da gasar CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, a gabansa. Batun da alƙalumansa ke shirye ya fi saurin fita. Naki kuwa sai an shiga rana, sai an kashe kuɗin mota, kuma babu mai biya. Wannan shi ne dalilin, amma dalili ba hujja ba ne. Tambayarki ta fi wadda aka ba ki nauyi. Inda ban yarda ba shi ne a ɗauka ka'idojin da muke koyarwa ba su da amfani a nan. Ricardo ya rubuta nasa a 1817 da misalin tufafin Ingila da giyar Fotugal, amma abin da ya faɗa shi ne abin da Alhaji ke yi: Cadi na da makiyaya da filin kiwo, Najeriya na da masana'antu da bakuna masu yawa da za su ci nama, sai shanu su yi yamma, robobi da sabulu da taliya su yo gabas. Laifinmu malamai shi ne mun bar misalin a Fotugal, ba mu kawo shi Kusiri ba.

Ɗan Njamena: Malam, da girmamawa, laifin ya wuce misali. Na yi lisansi na gama, an koya mana lissafi iri-iri, amma ba a taɓa ba mu awa biyu cur a kan bututun man Doba ba, alhali shi ne babban darasin tattalin arziki da ƙasarmu ta gani da idonta. Kilomita 1,070 daga Doba a Cadi zuwa Kiribi a bakin tekun Kamaru, mai ya fara gudu a 2003. Bankin Duniya ya sa hannu bisa sharaɗin a ware kashi 10 cikin ɗari don 'yan baya, sauran mafi yawa a zuba a lafiya da ilimi da hanyoyi. Ba a je ko'ina ba aka soke asusun 'yan bayan, a 2008 bankin ya janye. Da farashin mai ya faɗi a 2014 kowa ya ji a jikinsa, ma'aikata aka yanke musu alawus, makarantu suka yi ta yajin aiki. Duk wannan a bakin mutane na koye shi da karatun kaina, ba a aji ba.

Malamin Tattali: Gaskiyarka ɗana. Kuma akwai sunan abin a littafi, ana ce masa cutar Holan: idan kuɗin ma'adini ya kwararo, farashin gida ya tashi, ma'aikata da jari su gudu daga noma da sana'a, sai auduga da ƙaro da riɗi su kasa gogayya a waje. Wanda zai koyar da wannan a Njamena bai kamata ya wuce minti biyar a kan iskar gas ɗin Holan ba.

Hajiyar Atamfa: Ni dai magana ɗaya zan yi wa yarinyar nan. 'Yata, kar ki bari a kashe miki gwiwa. Ni a kasuwar Garwa nake, kuma abin da kike son rubutawa a jikina ya faru. Lokacin da naira ta zube, kayan Kano da na Mubi suka yi arha a hannunmu, mai sefa ya zama sarki idan ya tsallaka. Amma atamfar da na riga na saya da tsohon canji tana jibge a shago, maƙwabciyata ta kawo irinta sabuwa da sauƙi, dole na karya farashi na yi asara. Wata biyu ban yi barcin kirki ba. In da akwai wanda ya yi nazari ya gaya mana yadda abin ke tafiya, wata nawa yakan ɗauka kafin farashin can ya kamo canjin, da ban cika shago a wancan lokaci ba.

Mai Canji: Hajiya, abin da kika faɗa na ƙarshe shi ne sirrin. Canji yakan motsa yau, farashin kaya a can sai ya biyo baya a hankali. Tsakanin nan ne wasu ke samu wasu ke karyewa. Mu da ke zaune gindin dalbejiya da damman kuɗi ɗaure da roba, kafin azahar farashi ya canza sau biyu, waya ce kawai ke kawo labari daga Maiduguri ko Mubi.

Mai Ƙididdiga: Salam. Bari in sa baki, domin aikina ke nan. Da malamin ya ce babu alƙaluma, ya faɗi rabin gaskiya. Alƙaluman cinikin waje daga takardun duwan, wato kwastam, ake haɗa su. Abin da bai bi ta ofishin duwan ba, ko ya bi amma aka rubuta rabinsa, ba ya cikin lissafi. Saniyar da ta tako da ƙafarta ta bi daji, buhun da aka ɗora a babur, jarkar mai da ta shigo da dare, duk a takarda babu su. Shi ya sa in ka duba alƙaluman hukuma sai ka ga kamar cinikin Kamaru da Najeriya ɗan kaɗan ne, alhali wanda ya taɓa tsayawa a bakin iyaka ranar kasuwa ya san ba haka ba ne. Akwai ka'idar da Tinbergen ya kawo a 1962, mai cewa ciniki tsakanin ƙasashe biyu yana ƙaruwa da girman arzikinsu, yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. To ga Najeriya da mutum sama da miliyan 200 a bayan katangarmu, ga Duwala kwana da kwanaki a kamiyo. Ka'idar da kanta tana gaya maka akwai cinikin da ba a rubuta ba. Ɗaya rabin kuwa: alƙaluma ba daga sama suke faɗowa ba, mutane ne suke fita su tattara. Binciken gidaje na Kamaru, ECAM, na 2014, wanda ya nuna talauci a Arewa Mai Nisa ya kai kashi 74 cikin ɗari yayin da na ƙasa baki ɗaya yake 37.5, gida-gida aka bi. Cadi ma tana da nata, ECOSIT. Hukumar abinci ta duniya kuma tana fitar da farashin hatsi na wasu kasuwanninmu wata-wata, kyauta. Ƙanwata, ki fara duba wannan.

'Yar Mai Albasa: Na gode yaya. Na duba, na fi samun dawa da masara da shinkafa. Albasa ce ban samu yadda nake so ba. Amma ga wani abu. Babana yana da littattafai, irin na 'yan makaranta masu bango ja, ya ɗaure su da tsumma ya sa a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Da ajami yake rubutawa. Kowace ranar kasuwa: buhu nawa ya saya, a wurin wa, nawa, kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, abin da aka bayar a hanya, in ya sayar wa mutanen tsallake har canjin ranar yana sawa a gefe. Na ƙirga guda goma sha ɗaya. Wasu shafukan ruwa ya taɓa su, tawada ta baje, amma ana karantawa. Wannan zai shiga a matsayin alƙaluma?

Malamin Tattali: Allahu akbar. 'Yata, abin da ke ƙarƙashin gadon nan ya fi abin da abokan ajinki huɗu za su sauke daga intanet daraja, domin nasu dubban mutane sun riga sun juya shi, naki ba wanda ya taɓa gani. Amma ki saurare ni da kyau, kar murna ta ɗauke ki. Littafin mutum ɗaya labarin mutum ɗaya ne. Masu jarraba ki za su ce: ina kika san ba babanki ne kaɗai ya iya ciniki ba? Sai kin nemi irinsa a wurin wasu dillalai, ko da uku ko huɗu, a kasuwanni daban. Na biyu, albasa tana da lokacinta. Da kaka ta zube, da damina ta yi tsada saboda ruɓewa da ƙarancin ajiya. In kika ga farashi ya sauka bayan Yunin 2023 kika ce naira ce, za a tambaye ki ko dai kaka ce, ko ambaliya, ko hanya ce ta lalace. Maganin wannan shi ne kwatanci. Ki ɗauki kasuwar da ke bakin iyaka da wata da ke nesa, wadda albasarta kudu take yi zuwa Yawunde da Duwala. Ki duba tazarar farashinsu kafin faɗuwar naira, ki duba bayanta. Damina ta taɓa su duka biyu, kaka ma haka. Abin da ya canza a tazarar shi ne za ki iya jingina wa canji. Na uku, ki tuna abu biyu ne suka faru kusan tare: Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni aka saki naira. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma kafin nan, farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗaya ya sa kayan can arha a sefa, ɗaya ya sa sufuri tsada. Sai kin raba su, kuma kuɗin motar da Baba ke rubutawa shi zai taimake ki.

Ɗan Acaɓa: Maganar mai kam mu muka sha ta. Kwalaben zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, da ke jere a kan tebur bakin titi, dare ɗaya farashinsu ya tashi. Fasinja na faɗa, mu ma muna faɗa. Gwamnatin wata ƙasa ta yi magana a Abuja, tukunyar gidana ta ji a Marwa.

Mai Ƙididdiga: Ƙari a kan na Malam: ki kula da ma'auni. Buhu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake cikawa a ɗinke baki, akwai wanda ake yi wa hula a sama. Ki je da sikeli ki auna kamar goma na kowane iri, ki mayar da komai kilo. Da yawa daga binciken farashi a nan suke mutuwa.

Ɗan Njamena: Duk wannan gyaran reshe ne. Tushen shi ne sefa. Tun 1999 an ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsi, maƙwabcinmu kuwa kuɗinsa na hawa da sauka. A Janairun 1994 aka wayi gari an raba darajarta biyu, iyayenmu ba wanda ya shawarce su. Ɗan Kamaru ne, Joseph Tchundjang Pouemi, ya rubuta littafi a 1980 a kan yadda kuɗi ke zama sarƙa a wuyan Afirka. Ɗalibai nawa ne aka sa su karanta shi?

Mai Canji: Ɗan'uwa, ni da nake riƙe da kuɗin biyu a hannu kullum, zan gaya maka abin da nake gani. Mutanen tsallake ne ke zuwa neman sefa su ɓoye, ba mu ke neman naira ba. Wanda ya ajiye naira miliyan ɗaya a farkon 2023 ka tambaye shi abin da take saya yau. Kafin a kwance ɗaurin nan a nuna mana wanda zai riƙe igiyar.

Ɗan Njamena: To mu zauna har abada ke nan saboda tsoro?

Malamin Tattali: Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, kuma wannan gardama ita ce ya kamata a yi a aji, da hujja. Ɗaurin yana tsare mu daga hauhawar farashi irin ta maƙwabta, yana kuma hana mu gyara da kanmu idan wani abu ya same mu. Mundell ya yi tambaya a 1961: waɗanne yankuna ne ya dace su haɗa kuɗi ɗaya? Amsarsa ta dogara ga yadda mutane da jari ke zirga-zirga a tsakaninsu. Ku ɗora wannan a kanmu. Ƙasashe shida ne a CEMAC, Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Gabon, Kongo da Gini Ikwatoriya, babban bankinsu BEAC yana Yawunde. Mutumin Mora ko Kusiri, da wa ya fi cuɗanya, da Libirabil ko da Maiduguri? Aljihunsa na yankin sefa, kasuwarsa na yankin naira. Ban ga wanda zai amsa wannan da kyau ba sai wanda ya auna, kuma aunawar daga irin littafin Baba take farawa.

Shugaban Zaure: Jama'a, maganar sefa a ware mata ranarta, in ba haka ba za mu kwana a nan. A koma kan yarinyar.

Alhajin Kara: Ni akwai abin da ke cina, Malam, gara in faɗa. Wata shekara wasu samari suka zo da takardu suna tambayar kai nawa muke fitarwa a mako, ta wace hanya. Mutane suka saki baki. Ba a jima ba kuɗin da ake karɓa a hanya ya ƙaru. Ko su ne ko ba su ba ne, Allah masani, amma tun ranar in aka ga mai takarda sai kowa ya ce shanu biyar gare shi. Yanzu ku ce a buɗe littafi, har da abin da aka bayar a shinge. In ya faɗa hannun da bai dace ba fa?

Malamin Tattali: Alhaji, tsoronka na kan hanya, kuma amana ce a wuyan mai bincike. Ƙa'idar aikin ita ce ba a rubuta suna, ba a rubuta lambar mota, ba a faɗin ta wane lungu aka bi. Dillali na ɗaya, dillali na biyu, shi ke nan. Littafin kuma ba ya barin gidan mai shi, a nan za a kwafi lambobin. Amma ka duba ɗaya gefen. An sa hannu a kan yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Kigali a 2018, aka ce ciniki ya fara a 2021. Masu zama a teburin nan da alƙaluman duwan suke magana. In ba a san yawan abin da kuke kashewa tsakanin kara da kasuwar ƙarshe ba, wa zai ce a rage shingaye? Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wa ya lissafa asararku? Manoman auduga an taɓa yin maganarsu a gaban duniya, a taron hukumar ciniki ta duniya a Kankun a 2003, lokacin da Cadi da Mali da Benin da Burkina Faso suka ƙalubalanci tallafin da Amurka ke ba manomanta. Sun iya ne don auduga tana bi ta kamfani, kowane kilo a rubuce yake. Saniya ba ta da mai rubuta ta.

Alhajin Kara: Na ji. Amma sai dai wanda muka sani, wanda ke jin harshenmu. Ba zan zauna ana yi mini Faransanci ana fassarawa ba.

Hajiyar Atamfa: Ai ita 'yar gida ce, Alhaji. Kuma in ta gama a dawo a gaya mana abin da aka gano da Hausa ko Fulatanci, ko a saƙon murya ne. Kar a kai shi ɗakin karatu ƙura ta ci.

Mai Ƙididdiga: Wannan ma dama ce da ba mu cika lura da ita ba. Jami'ar Gaundare tun 1993 take, ta Marwa 2008, ta Garwa 2022, ta Njamena kuwa tun 1971. A Yawunde ga ISSEA mai horar da masana ƙididdiga na yankin. 'Ya'yan 'yan kasuwa sun cika azuzuwan nan, suna jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Kanuri, wasu suna karanta ajami. Baƙon da zai zo daga Turai sai ya ɗauki tafinta, kuma ba za a buɗe masa akwatin ƙarfe ba. Ƙanwata, Turancin Ingilishi kuma kar ki yi wasa da shi, mafi yawan mujallun fannin da shi ake bugawa, cibiyar AERC ta Nairobi ma da ke tallafa wa masu bincike za ki buƙace shi a can. In kin shigar da lambobin a Excel ki turo mini, zan nuna miki yadda ake juya su a manhajar ƙididdiga ta R, kyauta ne ba sai kin nemi Stata ba.

'Yar Mai Albasa: Wallahi na rasa bakin godiya. Na karanta wa Baba saƙonninku bayan sallar isha'i. Ya yi shiru, sannan ya ce in ɗauko akwatin. Sharaɗinsa biyu: shafukan bashi ba zan kwafa ba, domin sirrin mutane ne, kuma shi zai riƙa karanta mini da bakinsa ina rubutawa, saboda akwai alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Ya ce zai yi wa abokansa biyu magana. Saura malamina. Yaya zan koma masa ba tare da ya ga kamar na raina shawararsa ba?

Malamin Tattali: Kar ki je da gardama, ki je da aiki. Ki kwafi shekara biyu, ɗaya kafin Yunin 2023 ɗaya bayansa, ki zana farashin kilo da canjin naira a takarda ɗaya, ki rubuta shafi biyu a kan kasuwannin da za ki kwatanta. Ki ce masa, Malam, ka ce babu alƙaluma, na je na nemo, ga su ka duba mini. In ya ce lokaci ba zai isa ba, ki rage kasuwannin zuwa biyu, amma kar ki saki batun.

Alhajin Kara: In kin gama da albasa, 'yata, ki turo mana wani ƙaninki a kan shanu. Ya zo da sassafe kafin a fara ciniki, ya nemi sarkin dillalai tukuna ya gaishe shi, kar ya fito da takarda sai an ba shi wurin zama.

'Yar Mai Albasa: In sha Allahu, Baba Alhaji. Yaya Mai Ƙididdiga, sikelin da ake ratayawa zai yi, ko sai na ƙasa? Ranar Litinin nake son in fara auna buhunan.

Mai Ƙididdiga: Na ratayawa zai yi in yana ɗaukar kilo 150. Ki gwada shi da buhun siminti tukuna, ki ga ko ya nuna 50.